Wa Ya Dace Ya Riƙe Makullin Rumbun Guba?

A ƙarshen shekarar 2025 wakilan ƙasashen duniya suka taru a birnin Heg, a ƙasar Holan, suka naɗa wata jakadiya ta ƙasar Suwizalan, Sabrina Dallafior, ta shugabanci Hukumar Hana Makamai Masu Guba, a kan ta karɓi aiki daga hannun Fernando Arias na ƙasar Sifen a watan Yuli na 2026. Labarin ya zo ya wuce, bai ta da ƙura a ƙasan nan ba. Mun tabbata in aka karanta shi a ƙofar dagacin Fammar, ko a ofishin hakimi a Kibiya, ko a ɗakin malaman makaranta a Rano, abin da mutane za su fara cewa shi ne, me ya haɗa kifi da kaska? Mu kuwa a ganinmu akwai abin da ya haɗa su. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar da ta kafa hukumar, tana da ƙuri'a wajen naɗa shugabanta, tana kuma da rabonta na kuɗin da a ke gudanar da ita. Abin da a ke yi da sunan mutum da kuɗinsa kuwa, wajibi ne ya san yadda a ke yinsa, ya kuma san irin hannun da aka danƙa wa.

Yaƙi da guba ba baƙon abu ba ne ga mutanen kudancin Kano. Sunan garin Kibiya kansa ya yi daidai da sunan makamin da kakanninmu suka fi jin tsoro. A ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Ningawa suka addabi wannan yanki, garuruwa suka dogara da ganuwa da 'yan baka, kwari kuwa bai cika kwari ba sai da dafi. Maharba sun san kwankwani, sun san tinya, sun san yadda a ke dafa su a shafa wa bakin kibiya, har ƙwarzane kaɗan ya isa ya kwantar da ƙato. Amma tun a wancan zamani malamai ba su ɗauki wannan abin yabo ba. Muhtasar na Shehu Halil, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya lissafa kibiya mai dafi cikin abubuwan da aka hana a wajen yaƙi. Ashe ke nan tun kafin Turawa su zauna a Heg a 1899 su rubuta hani a kan makamai masu guba, mu ma muna da namu hanin a rubuce. Abin da babu, a nan da can, shi ne wanda zai bi kwari kwari yana dubawa.

Duk da haka akwai bambanci babba tsakanin dafin kibiya da gubar zamani. Kibiya mutum ɗaya ta ke nema, mai harbinta kuwa yana ganin wanda ya auna. Guba da aka saki cikin iska ba ta da ido. Inda iska ta nufa nan ta ke bi, ta shiga rami, ta shiga ɗaki, ta tarar da jariri a goye da tsohuwa a kwance da akuya a turke, ba ta tambayar ko wane ne abokin gaba. Ran 22 ga Afrilu 1915, kusa da garin Ipir a ƙasar Beljiyam, sojojin Jamus suka buɗe tukwanen iskar kulorin, iska ta kwashe ta zuwa ramukan Faransawa. Cikin waɗanda ta fara tararwa har da sojojin Aljeriya, 'yan Afirka 'yan'uwanmu, waɗanda aka kwaso daga gidajensu zuwa yaƙin da ba nasu ba. Kafin yaƙin ya ƙare a 1918 ko wane ɓangare ya yi amfani da guba, mutum wajen 90,000 suka mutu ta wannan hanya, fiye da miliyan ɗaya kuma suka jikkata.

Mutanen Rano, waɗanda tarihi ya haɗa garinsu da Kano ya kira su sarakunan baba, ya kamata su lura da inda gubar nan ta fito. Ba daga maƙera ta fito ba, daga marina ta fito. Manyan kamfanonin rini na Jamus, irin su BASF wanda ya fara sayar da shunin haɗi a 1897, su ne suka juya ma'aikatunsu suka samar wa soja guba da yaƙi ya tashi. Haka kuma a 1936 wani masanin haɗa magunguna, Gerhard Schrader, yana neman maganin ƙwarin gona, ya faɗa a kan gubar da a ke kira tabun, bayan shekara biyu kuma shi da abokan aikinsa suka haɗa sarin, wanda ɗigo kaɗan nasa ya isa kisa. Har yau ɗin nan akwai wani ruwa da a ke sa wa tawadar biro da rinin yadi, wanda in mugu ya samu zai iya sarrafa shi ya zama gubar mastad mai saɓule fata da makantar da ido. Wannan ita ce wuyar sha'anin. Ba za a iya rufe marina ba, ba za a hana maganin ƙwari ba, ba za a daina zuba kulorin a ruwan famfo ba. Sai dai a sa ido, a riƙa lissafi, a san abin da ya shiga da abin da ya fita.

Duniya ta gwada doka ba mai dubawa, ta ga abin da ya biyo baya. A 1925 aka ƙulla yarjejeniya a Janiba aka hana yaƙi da guba, amma ba a hana ƙera ta ko ajiye ta ba, ba a kuma naɗa kowa ya bincika ba. Italiya tana cikin waɗanda suka sa hannu. Duk da haka a 1935 da 1936 jiragen Musolini suka yi ta feshin gubar mastad a kan sojojin Habasha da ƙauyukanta da ƙoramunta. Sarki Haile Selassie ya tafi Janiba da kansa a watan Yuni na 1936 ya kai ƙara gaban Majalisar Ƙasashe, aka saurare shi, aka tashi, ba a yi kome ba. Sai a 1941 aka kori Italiya daga Habasha da ƙarfin soja, cikin rundunar da ta yi aikin kuwa har da sojojin Nijeriya, waɗanda suka bi ta Mogadishu suka kai Harar. Bayan shekara 50 abin ya sake faruwa. Sojojin Saddam Husaini suka yi ta amfani da guba a yaƙinsu da Iran, ran 16 ga Maris 1988 kuma suka zuba ta a kan garin Halabja na Kurdawa, mutum wajen 5,000 suka mutu, galibinsu mata da yara da tsofaffi.

Ganin haka ne aka sake zama, aka yi shekara da shekaru ana shawara, har aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya a Faris a watan Janairu na 1993. Ta fara aiki ran 29 ga Afrilu 1997, ran nan kuwa aka kafa hukumar da mu ke magana a kanta. Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 1999. Ƙasashe 193 sun shiga. Masar da Koriya ta Arewa da Sudan ta Kudu ba su sa hannu ba, Isra'ila kuwa ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. Sharaɗin shi ne ko wace ƙasa, babba ko ƙarama, ta bayyana gubar da ta mallaka, ta lalata ta a gaban shaidu, ta kuma buɗe ma'aikatunta ga masu bincike. Barkonon tsohuwa ma an yi masa iyaka, an bar wa 'yan sanda shi don kwantar da tarzoma, an hana a yi yaƙi da shi.

Wanda ya san yadda aikin En'e ya gudana a zamaninsa ba zai sha wuyar gane tsarin hukumar ba. Akwai Babban Taro na dukan ƙasashe, ko wace ƙasa da ƙuri'a ɗaya. Akwai Majalisar Zartaswa mai kujera 41, tara daga ciki na Afirka ne. Sa'an nan akwai ofishin ma'aikata, mutum wajen 500, cikinsu har da sufetoci masu zuwa bincike. Shugaban wannan ofis shi ne Babban Darakta. Majalisar Zartaswa ke tsayar da shi, Babban Taro ya naɗa shi na shekara huɗu, ana iya ƙara masa huɗu sau ɗaya tak. Shi ke ɗaukan ma'aikata, shi ke tura sufetoci, ta hannunsa rahoto ke fita. Yarjejeniyar ta ɗora masa sharaɗi guda wanda ya fi sauran nauyi, watau kada shi ko wani ma'aikacinsa ya nemi umurni ko ya karɓi umurni daga wata gwamnati, ko da kuwa gwamnatin ƙasarsa ce. Ba shi da soja, ba shi da kurkuku. Abin da ya ke da shi kawai shi ne in ya ce ya ƙidaya ya tarar da kaza, duniya ta yarda kaza ɗin ne. Ma'ajin baitulmali ke nan, wanda jarinsa duka amana ce.

Kada a ce aikin na takarda ne kurum. Ƙasashe takwas suka bayyana suna da makamai masu guba, jimlarsu ta haura tan 72,000. Rasha da Amurka su ke da mafi yawa, su biyun kuma sun saɓa wa'adin 2012 da aka ɗibar musu. Amma sufetoci ba su ɗaga ba, suka zauna a ma'aikatun lalatawa dare da rana suna ƙirga. Rasha ta gama nata, wajen tan 40,000, a watan Satumba na 2017. Amurka ta lalata na ƙarshe a watan Yuli na 2023. Mu mutanen Arewa akwai wanda ya fi shafarmu, shi ne na Libiya. Gaddafi ya bayyana nasa a 2004, bayan faɗuwarsa a 2011 aka tarar da wanda ya ɓoye, aka lalata shi, a 2016 kuma aka kwashe ragowar kayan haɗin ta jirgin ruwa zuwa Jamus aka ƙone. Kowa ya san yadda bindigogin Libiya suka tsallako hamada suka watsu a Mali da Nijar har suka iso dazuzzukanmu. To, da gubar nan ba ta cikin lissafin kowa, wa zai ce ga inda za ta tsaya?

Yanzu sai mu zo ga maganar shugabanci, mu fara da babban darakta na farko, José Bustani na ƙasar Birazil. An naɗa shi a 1997, aka sabunta masa a shekarar 2000 ba tare da hamayya ba. Ba a daɗe ba gwamnatin Amurka, wadda ke biyan fiye da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin hukumar, ta ce ba ta yarda da shi ba, ta zarge shi da rashin iya riƙon kuɗi da shiga abin da ba huruminsa ba. Babban jami'inta John Bolton shi ya ja gaba wajen neman a tuɓe shi. Bustani kuwa ya ce laifinsa guda ne, yana ƙoƙarin shawo kan Iraƙi ta shiga yarjejeniyar, in kuwa ta shiga sufetocinsa za su je su duba, a rasa hujjar yaƙi. Aka nemi ya ajiye aiki, ya ƙi. Ran 22 ga Afrilu 2002 aka kira taro na musamman aka jefa ƙuri'a, 48 suka ce a tuɓe shi, 7 suka ce a'a, 43 suka ƙi faɗin kome. Shekara ba ta cika ba aka auka wa Iraƙi da yaƙi a kan zargin tana ɓoye da manyan makamai, aka shiga aka bincika, ba a sami rumbunan da aka ce akwai ba. A watan Yuli na 2003 kotun ma'aikatan hukumomin duniya da ke Janiba ta yanke hukunci cewa tuɓewar ba ta bisa ƙa'ida, ta sa a biya shi diyya.

Ba mu ce Bustani waliyyi ne ba, ba mu kuma ce shugaba ba ya tuɓuwa. Shugaban da ya ci amana, a tuhume shi a fili, a ba shi damar kare kansa, in ta tabbata a sauke shi. Abin da kotu ta ƙi shi ne a sauke mai bincike don kawai wani babba ya ƙi jininsa, gama in haka ta zama al'ada, ko wane sufeto zai riƙa duban fuskar mai ƙarfi kafin ya dubi awon da ke gabansa. Abin da ya fi ba mu tsoro cikin labarin kuwa ba ƙuri'a 48 ɗin nan ba ne, 43 ɗin nan ne da suka yi shiru. Da sun buɗe baki, ko ta nan ko ta can, da an san gaskiyar ra'ayin duniya. Shirun ƙananan ƙasashe shi ya yanke hukunci ran nan. Duk akawun da ya taɓa ganin an canja wa mai binciken kuɗi wurin aiki don ya tono abin da ba a so, sauran ma'aikata kuwa kowa ya sunkuyar da kai ga takardarsa, ya san irin wannan shiru, ya kuma san abin da ya ke haifarwa.

Wanda ya gaje shi, Rogelio Pfirter na Ajantina, ya riƙe daga 2002 zuwa 2010, ya ɗinke ɓarakar, a zamaninsa ne Libiya da Iraƙi suka shiga. Sa'an nan Ahmet Üzümcü na Turkiyya ya karɓa, jarrabawa mafi girma ta faɗo a kansa. Ran 21 ga Agusta 2013 aka harba sarin a kan unguwannin Guta, a gefen birnin Dimashƙu, ɗaruruwan mutane suka mutu cikin dare ɗaya. Amurka ta yi shirin kai hari, sai aka daidaita da Rasha a kan Siriya ta shiga yarjejeniyar ta miƙa gubarta. Ana tsakiyar yaƙi sufetoci suka shiga, kafin ƙarshen Yuni na 2014 an fitar da wajen tan 1,300 ta tashar jiragen ruwa ta Latakiya, aka lalata mafi haɗarinsa a cikin wani jirgin ruwan Amurka a tsakiyar teku. A shekarar 2013 ɗin aka ba hukumar kyautar Nobel ta zaman lafiya. Abin da aka hana Bustani gwadawa a Iraƙi, ga shi an yi a Siriya.

Amma fa ba a gama ba, domin gwamnatin Asad ba ta bayyana duka ba. Aka sake kashe mutane da sarin a Han Shaihun a 2017, da kulorin a Duma a 2018. 'Yan ƙungiyar Da'ish su ma sun yi amfani da gubar mastad a garin Mari'a a 2015. A watan Yuni na 2018 ƙasashe suka ƙara wa ofishin iko, bayan ya tabbatar an yi amfani da guba a Siriya ya kuma faɗi wanda ya yi. Wannan kaya shi Fernando Arias ya tarar da ya hau a watan Yuli na shekaran nan. A wannan karo Rasha da Siriya ne suka taso wa hukumar, suka ce ta zama karen farautar ƙasashen Yamma, musamman bayan ta tabbatar da gubar Nobicok a garin Salisbiri na Ingila a 2018, da jikin ɗan hamayyar Rasha Alexei Navalny a 2020. Waɗansu tsofaffin sufetoci biyu kuma suka yi gardama a kan rahoton Duma, hukumar ta ce sun keta sirrin aiki, binciken da aka fitar a 2023 kuwa ya ɗora laifin a kan jirgin sojan Siriya. A 2021 aka dakatar da ƙuri'ar Siriya. Bayan faɗuwar Asad a Disamba na 2024, Arias ya tafi Dimashƙu a Fabrairu na 2025 ya gana da sababbin mahukunta don a nemo abin da ya rage.

Mai karatu zai lura cewa jiya Amurka ce ta ce shugaba ya karkata, yau Rasha ce ke faɗin haka. Mai riƙe da sikeli a kasuwa ba ya rasa mai zaginsa. Saboda haka ga abin da mu ke ganin ya kamata a nema ga duk wanda ya hau wannan kujera. Na farko, ya zama mai tsoron faɗin abin da bai tabbatar ba fiye da tsoron fushin manya. Na biyu, ya tsare sufetocinsa daga matsin gwamnatoci, amma kuma ya buɗe musu ƙofa a cikin gida, wanda ya ga kuskure ya faɗa a saurare shi a rubuta, kada ƙaramin ma'aikaci ya rasa wurin kai kuka sai jarida. Na uku, littafin kuɗinsa ya zama tas, domin wanda za a nema da sharri ta aljihu a ke fara shigar masa. Na huɗu, mudunsa ya zama ɗaya ga kowa. In ya auna wa Siriya da tiya, kada ya auna wa wata da gwangwani. Na biyar, ya san ranar saukarsa, ya yi aiki kamar wanda ba ya neman a ƙara masa.

Sai mu juyo gida. Tun 1997 kujeran nan ta je Birazil, ta je Ajantina, da Turkiyya, da Sifen, ga ta ta nufi Suwizalan, ba ta taɓa zuwa Afirka ba. Mafi girman matsayin da mu ke iya nunawa shi ne na Odette Melono ta Kamaru, maƙwabciyarmu, wadda ta shugabanci Majalisar Zartaswa, kana aka naɗa ta mataimakiyar babban darakta a 2019. Ba mu roƙon a ba Afirka don tausayi ko don karɓa-karɓa. Tun ran gini a ke zane. Ƙasar da ke son a ji maganarta ran zaɓe sai ta biya kuɗinta a kan kari, gama doka ce wadda bashin shekara biyu ya taru a kanta ta rasa ƙuri'a. Sai ta tura wakilai masu sanin aikin, ta bar su su daɗe har su ƙware. Sai ta horar da masana haɗa magunguna, ta gina ɗakunan awo da duniya za ta yarda da sakamakonsu, kamar yadda Aljeriya ta yi har aka sa nata cikin jerin hukumar a 2024. Muna da ofishin da ke kula da yarjejeniyar a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, hukumar kuma tana da shiri na musamman domin Afirka tun 2007. Muna kira a ba ofishin nan kayan aiki da mutanen kirki, jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato kuma su tura ɗalibansu neman horon da a ke bayarwa.

Muna kuma kira ga Ma'aikatar Harkokin Waje, duk ran da aka sake kawo irin maganar 2002, ko daga wane ɓangare ta fito, wakilin Nijeriya ya tsaya a kan ƙa'ida ya faɗi ra'ayinsa a fili. Kada a ce abin ya yi nisa da mu. A 2025 gwamnatin Amurka ta zargi sojojin Sudan da yin amfani da guba a yaƙin basasarsu, Sudan kuwa ta musanta. Sudan hanyar alhazanmu ce ta dā, Hausawa kuma suna can dubbai, a gonakin Jazira da garuruwan bakin Nilu. In zargi irin wannan ya taso, wa zai raba gardama in ba mai binciken da ɓangarorin biyu suka amince da shi ba? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Ƙaramar ƙasa ba ta da garkuwa da ta wuce mai bincike na gaskiya, domin babba in aka zarge ta tana da soja da kuɗi da bakin magana, ƙarama kuwa shaida kaɗai gare ta.

Akwai kuma rabon malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi, wanda ba sai an je Heg ba. Manoman Fammar da Kibiya da Rano da Bunkure, da masu noman rani a kan ruwan Tiga, suna ta'ammali kullum da maganin feshi. Fiya-fiyan nan da a ke zuba wa wake a buhu, a ke yayyafawa a ɗakin kwana don sauro, dangi ɗaya ya ke da sarin, hanyar da su ke bi su kama jijiya ɗaya ce, ƙarfi ne kawai ya bambanta. Alamunsa ga wanda ya shaƙa ko ya sha su ne dalala, da gumi, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi. Maganinsa yana asibiti, ba nono ba ne, ba manja ba ne, a gaggauta kai mutum tare da kwalbar abin da ya sha. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da kantuna. Malami ya koya wa yara wannan a aji. Malamin gona ya nuna wa manoma yadda a ke rufe hanci da hannu, da kwanakin da a ke jira kafin a ɗebi amfani. Mai kula da sito ya rubuta ko wace kwalba da ta shiga da wadda ta fita, ya ƙi sa hannu a kan abin da bai ƙidaya ba. Aikin babban darakta ke nan a ƙaramin mudu.

Muna yi wa sabuwar shugabar fatan alheri. Zaɓenta ba shi zai nuna mana ko an dace ba, sai ran da awon sufetocinta ya saɓa wa abin da wata babbar ƙasa ke so. Ran nan za a san ko makullin yana hannun amini, ran nan kuma za a san ko ƙasashe irin tamu za su tsaya mata ko za su sunkuyar da kai. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, manya da ƙanana, ya tsare mu da sharrin abin da hannuwan mutane suka haɗa. Amin.